Ba kyanwa ɗaya ce ta ƙarar da tsuntsun tsibirin Stephens ba

Duk inda ake maganar tsuntsayen da suka ɓace daga doron ƙasa, sai an kawo labarin Tibbles, kyanwar mai gadin fitilar jiragen ruwa da aka ce ita kaɗai ta cinye wani jinsi kakaf. Labarin yana da daɗin ji, amma yana sauke wa mutane laifin da yake nasu.

Tsibirin Stephens, wanda Maori, 'yan asalin ƙasar, ke kira Takapourewa, yana mashigin ruwan Cook a ƙasar New Zealand, girmansa kusan hekta 150. A nan aka samu Traversia lyalli, ɗan tsuntsu mai tsawon kusan santimita 10, launinsa ƙasa-ƙasa mai ɗan kore. Ba ya tashi sam. Fukafukansa gajeru ne, ƙashin ƙirjin da tsokar tashi ke kamawa ya kusan shafewa, a ƙasa yake kiwon ƙwari. David Lyall, mataimakin mai gadin fitilar, sau biyu kawai ya gan shi da rai, da magariba, yana gudu tsakanin duwatsu kamar ɓera.

Ƙasusuwan da aka tono sun nuna cewa a da ya bazu a manyan tsibiran ƙasar biyu. Ɓeran da ya shigo tare da mutanen farko, wajen ƙarni na 13, shi ya share shi daga can. Abin da aka tarar a Stephens ragowa ce.

A farkon 1894 aka kunna fitilar, bayan an sare daji don gini da kiwo. A shekarar ce kyanwa ta fara kawo wa Lyall gawar tsuntsun. Masanin dabbobi Walter Rothschild ya ba shi suna a Ingila a Disamban 1894, kuma kafin 1895 ta ƙare an daina ganinsa. Gawawwakin da suka rage a gidajen tarihi ba su kai ashirin ba.

A duba lissafin kyanwa. Cikinta wata biyu ne da 'yan kwanaki, takan haifi kamar huɗu, sau biyu ko uku a shekara, 'ya'yan kuma su fara haihuwa kafin su cika shekara. Mace ɗaya mai ciki da ta kuɓuce ta isa ta cika ƙaramin tsibiri. Haka aka yi: zuwa 1899 wani sabon shugaban masu gadi ya harbe kyanwoyin daji fiye da 100, ba a kuma ga bayansu ba sai 1925. Abin takaici, masanan da suka san darajar tsuntsun sun fi damuwa da sayen gawarsa da rige-rigen ba shi suna fiye da a kame kyanwoyin. Wannan shi ne laifin da ba zan iya yi wa uzuri ba.

Wani zai ce mutanen wancan zamani ba su sani ba. To, 1964 fa? Ɓerayen jirgin ruwa suka mamaye tsibirin Taukihepa da ke kudancin New Zealand, mafaka ta ƙarshe ta wani ɗan uwan wannan tsuntsu, Xenicus longipes. Ma'aikatan kula da namun daji sun je, amma a makare. Wani tsuntsu daban mai suna tieke, guda 36 da suka kwashe zuwa tsibirai marasa ɓera sun hayayyafa, jinsin ya tsira. Na Xenicus kuwa shida kawai aka iya kaiwa tsibirin Kaimohu, ba su yaɗu ba, ganin ƙarshe da aka yi masa a 1972 ne.

Saboda haka duk jinsin da ya rage a tsibiri ɗaya, a raba shi gida biyu ko uku tun yana da yawa, a ɗebi gommai, maza da mata. A binciki kaya da jirgi tun a tashar da za a taso, a ɗana tarko da na'urar gano sawu a inda ake sauka, a riƙa duba su a kan kari. Kyanwa kuwa, ko an yi mata fiɗiya, kada ta taka irin wannan tsibiri, don fiɗiya haihuwa take hanawa, ba farauta ba.