Daga gadar Ngeli zuwa iyakar Beljiyam

Shekara tara ke nan ina zaune a Lille, arewacin Faransa. Nakan hau jirgin ƙasa in shiga Beljiyam in dawo, ba mai tambayata takarda. Duk da wannan sauƙi, maƙwabtana da yawa sun ƙosa da Tarayyar Turai. Tun rikicin bashin Girka na 2010, wanda aikinsa ya tafi ko kuɗin wuta ya yi masa nauyi, Brussels, hedkwatar Tarayyar, yake ɗora wa laifi. A 2016 Birtaniya ta kaɗa ƙuri'ar ficewa.

A Kusseri, garinmu da ke arewacin Kamaru a kan iyakar Chadi, tsanani na sa mutane su ƙara son a buɗe hanya ne, domin iyaka ita ce gonarsu. Bara na raka Yaya Njamena ta gadar Ngeli, tana ɗauke da kwali uku na sabulu. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sau uku aka tsayar da mu, kowane shinge da abin da za a ajiye. Ta kwance bakin zane ta ƙirga, ribar kwali ɗaya ta tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, ganin tun 2017, a Njamenar nan, shugabannin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, suka ce an buɗe zirga-zirga tsakanin ƙasashe shida, bayan Gabon da Ikwatoriyal Gini sun daɗe suna jan ƙafa.

Ba na jin ana zagin CEMAC a kasuwa, don ba a taɓa cin moriyarta ba balle a yi fushi da ita. Abin da aka sani shi ne sefa. Baba har yau yana ba da labarin Janairun 1994, da aka zauna a Dakar aka karya darajarta da rabi, kayan waje suka ninka kuɗi. Shi ya sa da farashin mai ya faɗi a 2014, shugabanni suka taru a Yawunde a Disamban 2016, kowa kunnensa na jikin rediyo, don tsoron a sake karya sefa.

Najeriya ba ta cikin CEMAC, amma ita ce maƙwabciyar da muke ji a aljihu. Da ta rufe iyaka a 2019 mun ji a jika, da ta cire tallafin mai a 2023 kwalbar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga, ta yi tsada har Marwa da Garwa. Ni a ganina, duk haɗin kan da bai sa Najeriya a lissafi ba, kuma bai ɗage shingen da ke gaban Yaya ba, bai iso arewacin Kamaru ba tukuna. Jiya ta kira ni, ta ce yanzu kwali biyu take ɗauka.