Ranar da Malama ta ji muryata

Ni 'yar tela ce. A gidanmu idan layin ɗinkinki ya karkace ba a yi miki faɗa, reza kawai za a miƙo miki ki farke ki sake. Da wannan tarbiyya na biyo maigida jihar Ohio ta Amurka, inda ya zo ƙaro karatu. Da sanyi ya kulle ni a ɗaki har na fara hira da injin wanki, sai maƙwabciyata ta ja ni wani ajin ɗinki da ake yi a zauren unguwa. Na ce a raina, yau Turawa za su ga aiki.

Abin da ake koyarwa sunansa kwilt. Asalinsa abin rufa ne mai hawa uku: ƙyallayen da aka harhaɗa a sama, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa, sai a bi da zare a kama su gaba ɗaya. Wannan na gane, don sanyin garin ya isa. Sai dai na ajinmu ba na rufa ba ne, na ratayewa ne. Ki sha wahalar auduga da shafi, bango ya ji ɗumi.

Malamarmu dattijuwa ce, tabarau rataye a wuya, kuma ba ta fara darasi sai ta jero manyan sana'ar. Ta ce a nan Ohio, a garin Athens, Nancy Crow da abokan aikinta suka fara baje kolin Quilt National a 1979, cikin wani tsohon ɗakin shanun tatsa, kuma har yau ana yin sa duk bayan shekara biyu. Ita Nancy Crow da farko da awo take aiki, komai cif-cif, daga baya ta ajiye rula ta koma yanka da ido, har mutane suke niƙo gari su zo gonarta koyon hakan. Na ɗaga hannu na tambaya ko rular ce ta ɓata. Ajin ya kwashe da dariya, ni kuwa da gaske nake.

Ta kuma ambaci Michael James, wanda zane da fenti ya karanta kafin ya koma kan ƙyalle, har ya zama farfesa a jami'ar Nebraska. Allah ya jiƙan Baba, da a nan aka haife shi da shugaban jami'a ne.

Aka raba mana wata reza mai zagaye da ke gungurawa a kan yadi, ƙirar kamfanin Olfa na Japan. Na yanka, na jera, na hau keke. Kafin wasu su gama zura zare a allura na haɗa nawa, kowace kusurwa ta sadu da 'yar'uwarta. Na goge, na shimfiɗa, na koma gefe ina jiran tafi.

Malama ta zo ta daɗe a tsaye. Can ta dafa kafaɗata ta ce aikin ya yi tsaf, amma ba ta ji muryata a cikinsa ba. Na ce Malama, ai ƙyalle ne, ba rediyo ba. Ta ce hannuna yana jin tsoro. Hannun da ya ɗinke kayan sallar rabin layinmu a daren jajibere! Matar da ke kusa da ni kuwa, wadda ɗinkinta ya nufi gabas ya ɓulle kudu ya bar zare yana reto, nata aka ɗaga sama aka ce kowa ta zo ta ga 'yanci.

Don ta warkar da ni, sai ta ɗauko hotunan aikin matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama. Su da tsofaffin wandunan gona da guntayen tsumma suke yi, don su tare sanyi. A 2002 aka rataye aikinsu a gidan adana zane-zane na Houston, daga nan New York, a 2006 kuma aka buga hotunansa a kan-sarki. Waɗannan kam na sara musu, karkacewarsu ta ido ce, ba ta rashin iyawa ba. Sai kuma Bisa Butler, wadda mahaifinta ɗan Ghana ne, ta koyar da zane a sakandare a New Jersey, yanzu tana ɗinka hotunan mutane da atamfa. Nan kaina ya fara girma, na ce ai atamfa kayanmu ne. Malama ta ce to madalla, mako mai zuwa kowa ta zo da yadi mai tarihi.

Ina yadi mai tarihi in ba na akwatin lefe ba? Na ɗauko turmin Holan da Hajiya, uwar mijina, ta zaɓa da hannunta, wanda ban taɓa sa wa almakashi ba. Niyyata su gani, su yaba, in ninke in mayar. Ina cikin bayanin mene ne lefe, Malama ta shimfiɗa shi, ta ɗora hannunta a kan nawa, reza ta gungura ƙuuu, daga wannan baki zuwa wancan, a karkace.

Na rafka salati da ƙarfi. Ajin ya yi tsit, wata har da dafe ƙirji. Malama ta ce yauwa, ga muryar nan ta fito.

Tunda mai afkuwa ta afku, sai na ci gaba da yanka cikin haushi, kuma ashe haushi ba ya bin layi. Duk inda na sara, Malama sai ta yi ajiyar zuciya. A gida na ƙara da wani tsohon wandon jins na maigida, wanda shi bai san ya tsufa ba. Da na gama na rataye a falo.

Ran nan muna gaisawa da Hajiya ta bidiyo, sai ta katse ni.

"Ke 'yar nan, mene ne wancan a bayanki?"

"Fasaha ce, Hajiya."

"Matso min da wayar."

Na matsa. Ta yi shiru har na zaci intanet ce ta ɗauke.

"Wannan ba Holan ɗin da na sa a akwatin sama ba ne? Ba ni mijin naki." Na miƙa wa maigida wayar. "Kai, ashe abin har ya kai ku ga faci ba ka faɗa ba? Har da wandonka a ciki?"

Sai a lokacin ya juya ya dubi bangon da kyau.

Hajiya ta aiko da sababbin atamfofi ta hannun wani mai zuwa, da saƙon a rufa wa zuri'a asiri. Malama tana ta tambayata yaushe za ta gan su. Maigida kuwa ya sayo kwaɗo ya maƙala wa durowarsa.