Jikan Bayajidda da Gizo-gizon Banɗaki

Duk wanda ya san ni a Daura ya san ba a raba ni da labarin Kusugu. Baƙo ya sauka gidana, kafin furar da aka dama masa ta kwanta na ja shi bakin rijiyar, in ba shi labarin yadda Bayajidda ya sare kan macijiya Sarki, wadda ta hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. In ƙare da bugun ƙirji, mu jikokinsa ne, ba mu gaji tsoro ba. Na yi shekaru ina wannan cika-baki ba wanda ya ƙure ni, sai daren wata Talata a tsakiyar daminar bara.

An sha ruwa da la'asar, an kuma ɗauke wuta. Wajen ƙarfe 11 na ɗauki buta da tocilar waya na nufi banɗaki. Na yi addu'ar neman tsari daga shaiɗanu maza da mata, na shiga da ƙafar hagu, na tsuguna. Sai tsautsayi ya sa na haska bango.

Yana nan daidai saitin hancina. Faɗinsa ya kai tafin hannuna, ƙafafu takwas a baje, kowace da gashi, idanu suna mayar mini da hasken tocila kamar na mage. A ƙarƙashin cikinsa ya rungume wani farin abu mai faɗin murfin kwalbar lemo. Na motsa, ya motsa. Ga shi a banɗaki ba a ambaton Allah da baki, don haka abin da ya fito daga maƙogwarona wani ɗan kuka ne irin na ɗan akuya. Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakar gida ba, babu buta, silifa ɗaya a ƙafa.

"Malam, lafiya?" in ji uwargida daga ɗaki.

Na ce lafiya lau, fasawa na yi.

Wannan tsoro tsoho ne. Muna yara Inna takan ce idan tautau ya yi maka fitsari fatarka sai ta sale, kuma duk ƙurjin da ya fito wa yaro a wuya shi ake ɗora wa. Gizo na tatsuniya, mijin Ƙoƙi, ina son sa har gobe, don shi wayo yake yi wa kura. Na bango kuwa tun ina aji biyu ba ma ga maciji.

Kwana uku na ƙaurace wa banɗakin gidana. Na koma bayin masallacin unguwa, har ladan ya fara yaba mini da sammakon Asuba. Wanka kuwa gidan Yaya nake zuwa, na ce masa ruwan rijiyarsu ya fi daɗin jiki. Sarki ma tana ɗaga wa mutane ƙafa ranar Juma'a, wannan ko hutun rabin yini bai ba ni ba. Abin haushin, uwargida da yara suna shiga suna fita, ba wanda ya ce uffan.

A majalisa na kawo zancen, na ce wani abokina ne abin ya sama. Maƙwabcina mai koyar da kimiyya a sakandare ya ce ai irin wannan ba ya saƙa yana don kamu, farauta yake fita da dare, kyankyasai da sauran ƙwari yake ci, kuma shi ke gudun mutum. Ya ce farin abin nan jakar ƙwai ce, wato ta mace ce. Liman ya ƙara da cewa a Suratul Ankabut, aya ta 41, Allah ya ce mafi raunin gidaje shi ne gidan gizo-gizo. Na ce Allah gafarta Malam, wannan ba ta gina nata ba, na abokina ta ƙwace. Aka yi dariya, har da masu kallona ta wutsiyar ido.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗaura ɗamara. Na cusa ƙafar wando cikin safa, na naɗa rawanin Sallah har hanci, tsintsiya a hagu, ragowar silifar a dama. Na tura ƙofa da ƙafa. Tana nan bayan bokiti. Na rufe ido na wurga.

Ita ban same ta ba. Jakar na samu. Kafin in buɗe ido sosai bango ya cika da 'ya'ya ƙanana kamar an watsa gero, kowane ya kama gabansa, wasu suka nufo safata. Ihun da na kurma ya sa awakin maƙwabta suka amsa, rawani ya warware ya harɗe mini ƙafa, na zauna daɓas cikin ruwan wanki.

Uwargida ta bar tuwo a wuta ta fito da robar ɗibar ruwa da murfin kwali. Ta kifa robar a kan uwar, ta zura kwalin a ƙasa, ta je ta juye ta bayan katanga. 'Ya'yan ta share su da tsintsiyar da na yar. Duka-duka bai kai minti biyu ba.

Auta, mai shekara shida, ta shiga ta fito da silifar da na bari tun Talata, ta ɗaga ta sama. "Abba, Bayajidda ma takalmi ɗaya ya bari a bakin rijiya. Amma shi ya tafi da kan macijiyar."

Uwargida ta ce ai kuwa Sarauniya Daurama rabin gari ta yi wa wanda ya yi aikin alkawari, ita rabin albashi ya ishe ta. Muka yi ciniki, muka tsaya a turmin atamfa da kuɗin ɗinki, bisa sharaɗin zancen ba zai fita zaure ba.

Sharaɗin bai haɗa da Auta ba. Makon jiya na yi baƙo daga Zariya, na kai shi Kusugu, ta biyo mu. Ina kaiwa wurin "mu jikokinsa ne" ta ja hannun rigarsa ta ce, "Kawu, in ba ka ɗaya labarin?"