Fina-finan bishara da tsohuwar ƙauye

A Wusasa da Sabon Garin Zariya, har zuwa zumuntar ɗalibai a Samaru, fim ya zama wa'azi na biyu. Bayan sujada akan rataya farin ƙyalle a harabar majami'a, a tayar da janareto, yara su jeru a gaba kan tabarma. Abin da suka gani a daren ya fi zama a ransu fiye da wa'azin fasto na safe.

Fim ɗin rayuwar Yesu na 1979, wanda aka ɗauko daga Bisharar Luka aka juya zuwa Hausa, ba shi ke damuna ba. Damuwata tana kan waɗanda suka bi sawun ƙungiyar Mount Zion mai shirya fina-finan Kirista, wadda Mike Bamiloye ya kafa a 1985 a ƙasar Yarbawa. Sun ƙarfafa mutane ga addu'a, sun gyara aure da yawa, wannan ba na musu. Amma da yawansu hanya ɗaya suke bi: mace ta rasa haihuwa ko saurayi ya rasa aiki, sai a nuno wata tsohuwa a ƙauye tana surkulle a kan ƙwarya cikin dare. Fasto ya tsawata, wuta ta sauko, komai ya warware.

Masu shirya su ba daga sama suka samo wannan ba, tsoron maita da sammu tuni yana cikinmu. Sai dai fim yana ɗora masa hatimin addini. Yaron da ya tashi da wannan kallo, ranar da ƙanwarsa mai sikila ta kwanta, kakarsa zai fara zargi kafin ya tuna da asibitin koyarwa na Shika. Ga Bahaushe Kirista, wanda sau da yawa danginsa Musulmi ne ko Maguzawa, zargin nan zumunci yake yankewa.

A Yohanna sura 9, da almajirai suka tambayi zunubin wa ya jawo aka haifi mutumin nan makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. 'Yan mishan da suka zauna a Wusasa a 1929 ma sun gina majami'a, sun kuma buɗe asibiti da makaranta.

Dattawan majami'a su riƙa kallon fim kafin a haska wa yara, kamar yadda suke tantance baƙon mai wa'azi. Matasanmu masu karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) kuma su yi mana fim da Hausa, wanda za a ga mai bi ya yi addu'a, ya kai ɗansa wurin likita, kakar kuma tana gefen gado tana jinya.