Ku bi ruwa kafin ku rubuta sunayen waɗanda za ku gayyata taro

Ga ƙannenmu masu karatun duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya da za su fita aiki wajen kamfanonin siminti: dutsen Kufena da kuka koyi aiki a kansa ba irin na Kalambaina a Sakkwato ba ne, ba kuma irin na Ashaka a Gombe ba. Namu na Zariya ruwa ba ya cinsa. Nasu dutsen farar ƙasa ne, ruwan sama na narkar da shi sannu a hankali, tsaga ta buɗe ta zama magudana, wani wurin har kogo. Irin wannan dutse ya kai kusan kashi 15 cikin ɗari na doron ƙasa.

Mun saba cewa a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai, domin ƙasa ta tace ruwan. A inda dutse ya rarake, wannan lissafi ba ya aiki. Ruwa na iya cin ɗaruruwan mitoci a yini guda ba tare da komai ya tace shi ba. A Walkerton ta Kanada, shekarar 2000, kashin shanu ya bi tsagar dutse ya shiga rijiyar gari bayan ruwan sama mai ƙarfi. Mutum 7 suka rasu, sama da 2,000 suka kwanta.

Shi ya sa ban yarda da yadda ake kiran masu ruwa da tsaki taro kafin kamfani ya fara fasa dutse ba. A gayyaci hakimi da dagatai biyun da ke maƙwabtaka da wurin fasa dutse, a ajiye rahoton tasirin aikin ga muhalli da Turanci a sakatariyar ƙaramar hukuma na kwanakin aiki 21, a ce an tuntuɓi jama'a. To ƙauyen da ke shan idon ruwa a nesa fa? Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta yarjejeniya da al'umma, amma wace al'umma?

Ruwa ne zai nuna. A sa ƙullin gawayi na musamman, mai kama rinin da ke cikin ruwa, a rijiyoyi da idanun ruwa tun mako guda kafin gwaji, a san yadda suke. Sannan a zuba koren rini marar illa a ramin da ke shanye ruwa, a riƙa canza gawayin duk mako ana aunawa. A yi da damina, a maimaita da rani, don hanyar ruwan kan sauya. Duk inda rini ya ɓullo, mutanen wurin na da kujera a taro.

Amma don Allah a sanar tukuna, ta bakin mai unguwa da liman bayan sallar Juma'a. In mata suka wayi gari suka ga ruwa kore ba labari, za a ce guba aka zuba, kuma ba mai sake sauraronku. A tambayi masu haƙar rijiya da Arɗo. Su suka san inda ƙasa ta taɓa burmawa da rijiyar da ke gurɓacewa da zarar an yi ruwa. Ramukan da suka nuna a killace su, a hana zuba shara da mushe, a kuma sa sunan wanda zai auna zurfin rijiyoyi duk wata idan kamfani ya fara zuƙe ruwa daga raminsa.