Masu cewa an fifita Yahudawa a gwajin sankarar mama, ku duba lissafi tukuna

Tun farkon 2024 da hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta fara aika wa mutane 'yar kwalbar tofa yawu har gida domin a duba ko sun gaji lahani a ƙwayar halittar da ake kira BRCA, nake jin magana ɗaya a bakin wasu mutanenmu: wai an sake fifita Yahudawa. Sharaɗin shiga, kafin a rufe rajista a 2025, shi ne mutum ya kai shekara 18, kuma cikin kakanninsa huɗu akwai aƙalla Bayahude ɗaya. Daga jin sunan sai wasu suka toshe kunne, suka ɗauko zancen Gaza. Zancen Gaza na da muhallinsa, ni ma ina da abin faɗa a can. Nan kuwa maganar mace ake yi da cutar da ta gada ba da saninta ba.

Cikin Yahudawan Ashkenazi, waɗanda tushensu yake tsakiya da gabashin Turai, kusan mutum ɗaya cikin 40 yana ɗauke da lahani a BRCA1 ko BRCA2. A sauran jama'ar Birtaniya kuwa ɗaya ne cikin wajen 250. Galibin lahanin na Ashkenazi iri uku ne sanannu, daga wasu kakanni ƙalilan ya faro, ya bazu saboda al'ummar ta shafe ɗaruruwan shekaru tana auratayya a tsakaninta. Macen da ta gaje shi, yiwuwar ta kamu da sankarar mama a tsawon rayuwarta na kaiwa kusan kashi 70 cikin ɗari, ga kuma sankarar ƙwan mahaifa da ba a cika gano ta ba sai ta yi nisa. Maza ma ba su tsira ba, tana taɓa musu furostat, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsara.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa a bar tsohon tsari, wato likita ya tambaya ko akwai mai sankara a dangi, in babu ya sallami mace. Tun 2014 Mary-Claire King, wadda ta gano mazaunin BRCA1 a 1990, tare da Ephrat Levy-Lahad suka gwada maza Ashkenazi fiye da 8,000 masu lafiya a Isra'ila, suka bi danginsu mata. Kusan rabin gidajen da aka samu lahanin ba su da wani tarihin da zai sa a zarge su. Ɗauki mace da ke zaune gaban likita da takardar tambayoyi a hannu. Daga ubanta ta gaji lahanin, shi kuma duk 'yan'uwansa maza ne. Kakarta ta wajen uba an kashe ta a Poland lokacin Hitila tana 'yar shekara talatin, ba ta kai shekarun da cutar za ta bayyana ba. Me za ta rubuta? Babu. Ta tafi gida da kwanciyar hankalin ƙarya.

Akwai masu cewa gwajin zai tsorata mata ya hana su mijin aure. Wannan uzuri ne na wanda bai taɓa raka mara lafiya ɗakin ƙona sankara ba. Wadda ta sani tana da zaɓi: hoton mama akai-akai tun da ƙuruciya, ko cire ƙwan mahaifa bayan ta gama haihuwa, ko tiyatar mama in ta ga dama.

Mu kuwa da ke ƙorafi, ai NHS ɗin nan ita ce ke tambayar mai juna biyu asalin kakanninta a yankunan da sikila ba ta da yawa, in ta ce Afirka a gwada jininta. Ban ji wanda ya ce an fifita baƙar fata ba. A Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwajin jinsin jini kafin ɗaurin aure, don mun san inda takalmi ke matsa mana. Yahudawan Brooklyn sun riga mu: a 1983 Rabbi Josef Ekstein, da ya binne 'ya'ya huɗu saboda cutar gado ta Tay-Sachs, ya kafa Dor Yeshorim mai gwada samari da 'yan mata kafin a haɗa su. Sai dai BRCA ba kamar AS da AS ba ce, daga iyaye ɗaya kawai ake gadonta, kuma kowane ɗa ko 'ya rabi da rabi ne.

In ƙorafi za a yi, a yi shi kan cewa gwajin bai kai ga kowa ba. King da kanta ta nemi a buɗe shi ga duk macen da ta kai shekara 30. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka yi a Ibadan ya samu lahanin BRCA a jikin kusan kashi 11 cikin ɗari na masu sankarar mama da aka gwada. 'Ya'yan waɗannan matan da ƙannensu suna nan a gidajensu, babu wanda ya aika musu da kwalba.