Garkuwar Tagulla ta Rehobowam

'Yan'uwana matasa, kafin ku sake tara abokai ku nemi shawararsu a kan abin da kuka riga kuka yanke a zuci, ku saurari labarin Rehobowam ɗan Sarki Sulemanu. Yana cikin Littafi Mai Tsarki, a Sarakuna na farko, daga sura ta 12 zuwa ta 14.

Sulemanu ya bar wa ɗansa dukiya mai yawa, ya kuma bar masa talakawan da suka gaji tiɓis. Mutum 30,000 aka ɗiba aikin tilas domin gine-ginen Urushalima, ana tura 10,000 zuwa Lebanon kowane wata, su yi wata ɗaya can, wata biyu a gida. Da uban ya rasu, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Almasihu, jama'a suka hallara a Shekem don naɗin sabon sarki, da Yerobowam, tsohon ma'aikacin Sulemanu, a gabansu. Roƙonsu ɗaya ne: ka sassauta mana, mu bi ka. Ya ce su dawo bayan kwana uku.

Da farko ya kira dattawan da suka zauna a fadar mahaifinsa. Suka ce masa ya ƙasƙantar da kai ga mutanen nan yau kaɗai, ya ba su amsa mai daɗi, za su yi masa biyayya har abada. Ko anini wannan shawara ba za ta ci masa ba. Sai dai ba ta yi wa kunnensa daɗi ba, don haka ya koma wajen samarin da suka tashi tare. Su kuwa suka zuga shi: ka ce musu ƙaramin yatsanka ya fi ƙugun ubanka kauri, in shi da bulala ya hore su, kai da kunamai za ka yi. Haka kuwa ya faɗa wa jama'a da suka dawo.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, shekarunsa 41 a lokacin. Gemu ya daɗe da fitowa, amma har yanzu 'yan amshin shata ne majalisarsa. To kai fa? Wa kake kira in an ɓata maka rai, wanda zai ce ka bari ya huce, ko wanda zai ce ka nuna musu kai waye? Shi mai zuga, in wuta ta kama, ba rigarsa ce ke ci ba. Littafin bai ƙara ambaton samarin nan ba bayan ranar.

Kabilu goma na Isra'ila suka juya masa baya. Maimakon ya farga, sai ya aika musu Adoram, shugaban aikin tilas ɗin da suke kuka da shi. Suka jefe shi da duwatsu har ya mutu, sarki kuma ya haye karusa ya tsere Urushalima. Kabilun goma suka naɗa Yerobowam sarki, kabilun Yahuza da Biliyaminu kaɗai suka rage wa Rehobowam.

A shekara ta biyar ta sarautarsa Shishak sarkin Masar ya kawo yaƙi, ya kwashe dukiyar Haikali da ta fada, har da garkuwoyin zinariyar da Sulemanu ya ƙera. Rehobowam ya sa aka yi na tagulla a madadinsu. Duk ranar da zai shiga Haikali, dogarai su ɗauko su a yi masa rakiya, in an gama su mayar ɗakin tsaro su ajiye.